Yadda za ka tsare ɗanka daga masu tsattsauran ra'ayi, mataki bayan mataki

Tun ranar da na yi magana a kan wannan al'amari a taron iyayen yara na lakwal ɗinmu nan Tahoua, tambaya ɗaya ke ta biyo ni, wasu a bakin masallaci, wasu a waya, iyaye mata kuma ta bakin maiɗakina: "Mushe, haɗarin mun ji shi. To me za mu yi, kuma da me za mu fara?" Ba sai na tsaya ba kowa tarihi ba. Wanda ya tuna kisan yankin Tillia na watan Maris 2021, inda aka kashe mutum 137 rana guda a Intazayene da Bakorat da Wistane, ko wanda ke da dangi wajen Ƙonni yana jin labarin ƴan bindigar Lakurawa a bakin iyaka, ya san abin yana kusa. Abin da zan shimfiɗa shi ne tsarin da muka bi da ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara 17, wanda saura ƙiris mu rasa shi. Ku bi matakan a jere. Yawancin ɓarnar da na gani, iyaye ne suka fara daga ƙarshe: duka, kora, ko kai ƙara, tun ba su zauna da yaron ba.

1. Ka san yadda ɗanka ke wuni

Kayan aiki: takarda, biro da mako guda. Ba ka kashe ko dala.

Ka rubuta inda yake kwana, inda yake cin abinci, masallacin da yake sallah, da fadar da yake shan shayi. Ka rubuta sunayen abokansa biyar da sunayen iyayensu. Idan ka kasa cika biyar, aikinka na farko ke nan. Sannan tambayar da ta fi kowace muhimmanci: a fadar tasu, wa ke sayen ganyen shayi da sukari da gawayi? Samarin da ba su da aiki ba sa dafa shayi uku kullum da aljihunsu. Wani lokaci ɗan siyasa ne, wani lokaci ɗan unguwa da ya dawo daga Abijan da ɗan abin hannu, wani lokaci kuma baƙo ne mai fara'a da ba wanda ya san gidan ubansa.

Uba ya tambayi uwa. Ita ke wanke tufafi, ita ke ganin abin da ya rage a kwano, ita ta san daren da ƙyaure ya yi ƙara ƙarfe biyu. Idan ɗanka yana makarantar allo a wani gari, ko ya tafi cin rani Libiya ko Aljeriya, ko haƙar zinariya Djado ko Tchibarakaten, ka riƙe lambar malaminsa ko ta babban da ke tare da shi, kuma ku tsai da ranar waya guda a mako wadda ba ta tashi.

Gargaɗi: kada ka mai da ƙannensa ƴan leƙen asiri. Ranar da ya gane, ka rasa shi, ka kuma raba zumunci tsakanin ƴaƴanka.

2. Ka rarrabe riƙon addini da tsattsauran ra'ayi

A nan iyaye da yawa ke zaluntar ƴaƴansu, don haka zan daɗe a kai. Yaro ya tsai da gemu, ya ɗage wando, ya daina jin kiɗa, yarinya ta sa dogon hijabi, ɗanka ya koma ƙabalu alhali kai sadalu kake yi, ko ya bar zawiyar gidanku ya koma masallacin Izala, ko ya bar Izala ya shiga wazifa: duk wannan saɓani ne da muka daɗe muna zaune da shi a Adar, kuma babu ko ɗaya a ciki da ke nufin ɗanka zai ɗauki bindiga. Idan ka kira shi ɗan Boko Haram don gemu, ka koya masa cewa gidansu na gaba da addininsa, kuma wannan darasin shi ne ainihin abin da masu farautarsa ke son ya haddace.

Alamun da ya kamata su hana ka barci daban suke. Ya fara kafirta mutane da sunansu: soja kafiri ne, mushen lakwal kafiri ne, mai unguwa da liman ma haka. Ya daina bin kowane limami a gari, sai wani ɗan taro a ɗaki. An kai hari an kashe mutane, kowa na salati, shi yana cewa su suka ja. Kuɗi ko sabuwar waya ko babur sun bayyana ba a san tushensu ba. Abokansa na kiransa da wani sabon suna, Abu wane. Ya yage takardun lakwal ɗinsa. Ya fara zancen hijira, cewa ƙasar nan ba wurin zaman Musulmi ba ce. Mafi tsanani, ya tashi rana guda yana biyan bashi, yana rabar da kayansa, yana neman gafarar kowa ba tare da wata tafiya da aka sani ba.

Ɗan ƙanwata a kwano aka gane shi. Washegarin sallar layya, bayan raguna sun wuni banƙare a jikin itace kewaye da wuta, aka zauna cin nama. Uwarsa ta ga ya ture tsokarsa gefe yana cin tuwo gaya. Ta ce ko ciki ne. Ya ce a'a. Sai da daddare ya faɗa wa yayarsa cewa yankan babansu bai halatta ba, tunda baban ma'aikacin gwamnati ne. Ƙanwata ta kira ni muryarta na rawa: "Yaya, ka zo, yaron nan wani ya shiga tsakaninmu da shi."

Alama guda ba hujja ba ce, samartaka kanta tana da hauka iri-iri. Amma kafirta mutane da halatta jini, ko su kaɗai ne, sun isa ka wuce zuwa mataki na uku a ranar.

Gargaɗi: abin nan ba shi da ƙabila. Kada ka hana ɗanka abota da Bafulatani ko Buzu da sunan kariya. Su ma ana kashe su, ana kwashe musu dabbobi da sunan zakka, kuma yaron da aka rena da ƙyamar wata ƙabila an riga an yi wa masu wa'azin ƙiyayya rabin aiki.

3. Zama na farko

Kafin in iso gidan ƙanwata, uban ya riga ya mari yaron, ya fasa wayarsa da ƙasa, ya ce ya bar masa gida. Na fahimci zafin zuciyarsa, ɗan da ka haifa ya ce yankanka mushe ne. Amma kwana uku da yaron ya yi a waje, a ɗakin wa kuke tsammani ya yi su? A ɗakin mutumin da ke saya musu shayi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mu muka tsaga shi da hannunmu.

Ga yadda ake yi. A zaɓi mutum ɗaya da yaron ke jin nauyi kuma ba ya tsoro: kawu, gwaggo, kaka, ko yayan da ya girme shi sosai. Ba taron dangi ba, taro shari'a ce, kuma wanda aka gurfanar kare kansa kawai yake yi. A zaɓi wurin da ba a kallon juna ido cikin ido. Ni a babur na ɗauke shi, na ce ya raka ni gona in duba gero. A zaman farko ba a gardama, ba a jawo aya. Tambaya ake yi, a yi shiru.

Na ce, "Ɗana, wannan karatun wa ya ba ka shi? Ina son in ji shi yadda ka ji shi." Ya yi ta zuba kusan awa guda. Da ya ƙare na ce, "Kafin ka haɗu da shi, me ya fi ci maka rai?" Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Kawu, tunda na faɗi jarrabawar BEPC, ba wanda ya ƙara tambayata komai a gidan nan sai aike." Wannan ita ce cutar. Mutumin nan ya same shi a fada, ya kira shi da sunansa, ya sa masa kati a waya, ya ranta masa jika goma bai tambaya ba, ya ce masa irinka ake nema. Wa'azin daga baya ya zo.

Ka saurara ka gano wace ƙishirwa ce aka shayar: talauci, wulaƙanci, son a san da shi, ko fushin wani zalunci. Binciken da hukumar PNUD ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2017, bayan hira da ɗaruruwan waɗanda suka shiga irin waɗannan ƙungiyoyi a Afirka da ƙafarsu, ya nuna kashi 71 cikin ɗari sun ce abin da ya tunkuɗa su a ƙarshe wani aiki ne na hukuma, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. Saboda haka idan ɗanka ya kawo zancen zalunci, kada ka ƙaryata shi don a zauna lafiya. Ka ce masa gaskiya ne akwai zalunci, sannan ka tambaye shi: matan da aka mayar zawarawa a Bakorat, wane zalunci suka yi?

Gargaɗi: kada ka nemi ya tuba a zama ɗaya. Abin da kake nema a ranar shi ne ya yarda ku sake zama, kuma ya dawo kwana gida. Idan akwai bashi tsakaninsa da mutumin, ku biya nan take, ko da bashi za ku ci. Jika goman nan igiya ce a wuyansa.

4. Waya

Fasa waya ba ya magani, ta hannu ba ta da tsada a kasuwa kuma akwai mai saya masa. Abin da ke aiki shi ne doka tun ranar da aka sayi wayar: ta gida ce, uba ko uwa sun san lambar buɗe ta, kuma tana kwana wurin caji a ɗakin uwa. Yaron da bai kai shekara 13 ba, ko a ƙa'idar TikTok da Facebook bai isa buɗe shafi ba.

Ku zauna tare da shi ku gyara abubuwa uku, minti goma sun isa kuma kyauta ne. A WhatsApp ku shiga Paramètres, sai Confidentialité, sai Groupes, ku zaɓi Mes contacts, don kada wanda ba ya cikin lambobinsa ya jefa shi wani zaure kai tsaye. A Stockage et données ku kashe saukar da bidiyo da murya da kansu. A TikTok akwai Connexion Famille, inda ake haɗa wayar uba da ta yaro a taƙaita lokaci da saƙonni. Ga ƙananan yara masu Android akwai Family Link na Google, wanda ke hana sauke sabuwar manhaja sai da izininka.

Abin dubawa: manhajar saƙonni ta Telegram da ta bayyana ba dalili, layi na biyu da ba ku sani ba, saƙonnin da ke goge kansu, waƙoƙin yaƙi da hoton tuta da bindiga. Kada ku manta ba komai ke zuwa ta intanet ba. Da yawa a katin memori yake yawo, ko a tura shi daga waya zuwa waya ta Bluetooth da Xender a fada ko wurin masu caji. Uwar da ba ta karatu ma tana da kunne: ta ce ya kunna mata wa'azin da yake ji tana tankaɗe, ta saurara ko ana ambaton jini.

Gargaɗi: idan ka ga bidiyon kisa ko na kiran shiga ƙungiya, kada ka tura wa dangi don su gani. Dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka tsaurara a watan Yuni 2024, tana hukunta yaɗa abin da ke tada hankalin jama'a, har da ɗauri. Ka rubuta lambar da ta aiko da ranar a takarda, ka ajiye.

5. Ka nemo malamin da zai iya zama da shi

Kuskuren wasu iyaye shi ne su janye yaro daga karatun addini gaba ɗaya. Wannan baya ne. A wancan bincike na 2017, kashi 57 cikin ɗari na waɗanda suka shiga sun amsa cewa fahimtarsu ga littattafan addini kaɗan ce ko babu, kuma an ga cewa shekara shida ko fiye na karatun addini na rage yiwuwar shiga. Mai rabin sani ake kamawa.

Ka nemi malami wanda aka san malamansa, yana karantarwa a fili, kuma yana da haƙurin tambayar rashin kunya. Idan ɗanka ya karkata ga wani ɓangare, ka samo malamin daga ɓangaren da yake girmamawa, ko da ba naka ba ne. Ni ɗan ɗariƙa ne, amma wurin wani malamin Izala na kai yaron, don shi kaɗai zai saurara a lokacin. Ka je kai kaɗai tukuna ka yi masa bayani a asirce. Kuɗinsa bai wuce goro da ɗan abin sadaka ba.

Malamin bai yi masa tsawa ba. Ya sa shi ya buɗe Suratul Ma'ida aya ta 32 ya karanta da bakinsa, cewa wanda ya kashe rai guda ba da haƙƙi ba kamar ya kashe mutane duka ne. Ya kawo masa hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, na mutumin da ya zo neman izinin fita jihadi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye shi ko iyayensa na raye, ya ce e, ya ce to a kansu za ka yi jihadinka. Ya kawo na wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, cewa kalmar sai ta koma kan ɗayansu. Sannan ya ce masa, "Ɗana, wanda ya ba ka wancan karatu, a gaban wa ya durƙusa ya yi nasa? Ka tambaye shi, ka dawo mini da suna." Bai samo sunan ba. An yi wata biyu ana wannan zama kowace Alhamis.

6. Ka cika masa hannu da aiki

PNUD ta sake bincike a 2023 da mutum sama da dubu biyu a ƙasashe takwas, har da Nijar, kuma kashi ɗaya cikin huɗu na masu shiga da kansu sun ce neman aikin yi ne babban dalilinsu. Amnesty International ma a rahotonta na 2021 kan jihar Tillaberi ta ba da labarin yadda ake jan samari ƴan shekara 15 zuwa 17 a yankin Torodi da abinci da tufafi da kuɗi. Wa'azin malami ba ya zama a cikin yaron da ke wuni a kan benci.

Idan zai iya komawa lakwal, ya koma. Idan ba zai iya ba, ku je cibiyar koyon sana'a ta CFM da ke ƙaramar hukumarku, ko ku damƙa shi hannun mai gareji, tela, mai walda ko mai gyaran waya da kuka sani. Mu mun haɗa jika arba'in tsakanin dangi, muka sayi ƴan kayan gyaran waya, muka ba maigidansa na goro. Kayan aiki za ku saya, kada ku ba da kuɗi a hannu. Ku riƙa leƙawa wurin aikin sau ɗaya a mako, ku kuma lura da tramol, don yaron da ƙwaya ta kama kowa na iya sayensa.

Ƴaƴa mata ta hanyar aure aka fi zuwa musu. Manemin da ke gaggawa, ba a ga danginsa ba, yana cewa bayan ɗaurin aure zai tafi da ita wani wuri da babu waya, a tsaya a yi bincike har garinsu, ko da sadakinsa ya kai nawa.

7. Lokacin zuwa wurin hukuma

Akwai inda maganar ta fi ƙarfin gida: ka ga makami, ka ji an sa ranar tafiya, wani na yi masa barazana, ko baƙon nan na tara yara da yawa. A nan jinkiri haɗari ne ga ɗanka da ƴaƴan maƙwabta. Ka fara da mai unguwa ko hakimi, ku tafi tare kwamisariya ko wurin jandarma. Idan abin na gaggawa ne, lambar ƴan sanda 17 ce. Ka riƙe takardar haihuwar yaron da takardar da ka rubuta lambobi da ranaku. Idan bai kai 18 ba, ka faɗa tun farko, ka nemi a sanar da alƙalin yara da ma'aikatan kare yara. Zuwa da dattijon da hukuma ta sani yana sa a karɓe ka a matsayin uban da ya kawo kuka.

Gargaɗi: ka faɗi abin da ka gani da idonka kawai. Kada ka tara samari su je su kama baƙon da kansu, kuma kada ka rubuta sunan kowa a Facebook. Zargin ta'addanci idan ya faɗa kan marar laifi, gida guda yake rushewa.

8. Idan ya riga ya tafi

Ku sanar da hukuma a ranar, ta hannun mai unguwa. Kada kowa ya bi shi daji, kada ku ba da kuɗi ga mai cewa zai dawo muku da shi. Lambar wayar da ya haddace, galibi ta uwarsa ce, kada a canza ta, kada a bari layin ya mutu, kuma wayar ta kwana da caji. Da yawa sukan kira idan abin da aka yi musu alkawari ya zama yunwa da gudu. Idan ya kira, ba lokacin faɗa ba ne. Uwa ta ce, "Muna nan, ɗakinka na nan, akwai hanyar dawowa." Kada a tambaye shi inda yake, wataƙila akwai mai saurare kusa da shi.

Hanyar kuwa akwai ta. A watan Disamba 2016 gwamnati ta yi kira ga ƴan Boko Haram su miƙa wuya, aka buɗe cibiya a Goudoumaria cikin jihar Diffa inda tubabbu suka koyi sana'a, rukunin farko suka fito a watan Disamba 2019. Wanda ya dawo, kada a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki, ɓoyewar laifi ce da za ta hau kan gidan duka, kuma waɗanda ya gudo daga hannunsu na iya biyo sawu. A kira hakimi tun daren, shi ya raka ku ku miƙa shi da rana, da takardar haihuwarsa a hannu, a rubuta sunan jami'in da ya karɓe shi da inda za a kai shi, sannan wani daga cikin dangi ya ɗauki nauyin bin sawun maganar kowane mako.